Tafiyar Iyalan Bob Marley Zuwa Habasha Da Gardamar Da Ta Tayar

Ran Lahadi 6 ga watan Fabrairu na 2005, Dandalin Meskel da ke tsakiyar birnin Adis Ababa ya cika ya batse, har babu masakar tsinke. Ba bikin gwamnati ake yi ba, ba kuwa na coci ba. Dubun dubatar jama'a ne suka taru saboda wani mutum da ba ɗan ƙasar ba, wanda kuma a lokacin ya kusa shekara 24 a cikin kabari, watau shahararren mawaƙin nan na Jamaika, marigayi Bob Marley. Da yana da rai, a wannan rana ce zai cika shekara 60 da haihuwa.

Wannan shi ne karo na farko da iyalansa suka ɗauke bikin tunawa da shi daga Jamaika suka kai wata ƙasa. Mai ɗakinsa Rita ita ce ta ja ayarin. Tare da ita akwai 'ya'yansa maza, Ziggy da Stephen da Julian da Ky-Mani da Damian, waɗanda duk suka gaji sana'ar ubansu. Akwai kuma mahaifiyarsa, Cedella Booker, tsohuwa mai shekara 78, wadda ta ƙetare teku don ta ga ƙasar da ɗanta ya yi ta ambato a cikin waƙoƙinsa. Cikin abokan arziki kuwa akwai Marcia Griffiths, wadda ta daɗe tana yi masa amshi tare da Rita, da Angelique Kidjo ta Jamhuriyar Benin, da ɗan wasan sinima na Amurka Danny Glover. An sa wa bikin suna "Africa Unite", sunan wata waƙarsa, kuma ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba.

Ba dukkan abokan ƙuruciyarsa ne suka samu zuwa ba. Peter Tosh, wanda suka fara waƙa tare a unguwar talakawa ta Trench Town a Kingston, 'yan bindiga sun kashe shi a gidansa tun 1987. A wannan shekara ce kuma aka harbe Carlton Barrett, makaɗin gangar ƙungiyarsu ta Wailers.

To, me ya haɗa ɗan Jamaika da Habasha? Asalin maganar ya koma 1930, lokacin da aka naɗa Ras Tafari Makonnen Sarkin Sarakunan Habasha da sunan Haile Selassie. Waɗansu baƙar fata na Jamaika, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka, suka ɗauki wannan naɗi a kan alama ce ta kuɓutarsu, har suka kai sarkin matsayin abin bauta. Daga sunansa na farko ne aka sami sunan 'yan Rasta. Shi kuwa sarkin Kirista ne na Cocin Orthodox ta Habasha, kuma a kan haka ya zauna har ƙarshen ransa. A 1948 ya keɓe fili eka 500 a Shashamane, kimanin kilomita 250 kudu da Adis Ababa, ga baƙar fatar ƙasashen Yamma, tukuicin goyon bayan da suka ba Habasha sa'ad da Italiya ta mamaye ta daga 1935 zuwa 1941. Da ya ziyarci Jamaika a watan Afrilu na 1966, Rita na cikin taron da ya tarye shi a Kingston, kuma ta sha faɗi cewa daga wannan rana ce ta bada gaskiya.

Shi kansa Bob Marley bai taka ƙasar Habasha ba sai a 1978. Ya tarar babu sarki, babu sarauta. Sojoji sun kifar da Haile Selassie tun 1974, ya mutu a tsare a 1975, gwamnatin soja ta Derg kuma ta mayar da filaye mallakar hukuma, har da mafi yawan na Shashamane. Duk da haka zuciyarsa ba ta juya ba. A watan Nuwamba na 1980, cutar daji ta riga ta ci ƙarfinsa, aka yi masa baftisma a Cocin Orthodox ta Habasha, aka raɗa masa suna Berhane Selassie. Bayan jinya a Jamus ya kama hanyar gida, amma bai isa ba. Ajali ya tsare shi a wani asibiti a Miami ran 11 ga watan Mayu na 1981, yana da shekara 36. Bayan kwana goma aka yi masa jana'izar ƙasa, aka binne shi a ƙauyensu na Nine Mile.

A nan ne gizo ke saƙar. Ana saura 'yan makonni a yi bikin, sai kamfanonin dillancin labarai suka ruwaito Rita tana cewa tana da niyyar tono gawar mijinta ta mayar da ita Shashamane, domin a ganinta rayuwarsa duka Afirka ta dosa, kuma can ne ya so ya kwanta. Kafin a ce kwabo Jamaika ta ɗau zafi. Jaridu da gidajen rediyo suka yi ca. Mutanen tsibirin suka ce ƙasarsu ce ta haife shi, unguwanninta suka koya masa wahala, wahalar kuma ta koya masa waƙa. Ina dalilin da za a raba su da kabarinsa? Akwai kuma abin da ba kowa ke son faɗi da babbar murya ba: kabarin nan na Nine Mile yana jawo baƙi masu yawon buɗe ido daga ko'ina a duniya, kuma bakunan da ke ci daga wannan ba kaɗan ba ne. Da ƙura ta yi yawa, sai gidauniyar da ke ɗauke da sunan marigayin ta fito ta ce babu wani shiri na ɗauke gawar.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ba za a ce Rita baƙuwa ce ga al'amarin ba. Ita ce ta zauna da shi tun aurensu a 1966, harsashi ya same ta a ka daren da 'yan bindiga suka kai masa hari a gida a watan Disamba na 1976, daga baya ta tattara ta koma Gana da zama. Tana kuma cikin waɗanda suka halarci jana'izar Haile Selassie a watan Nuwamba na 2000, bayan an tono ƙasusuwansa daga harabar fada a 1992. Amma mutumin da ya kai matsayin Bob Marley ya riga ya fi ƙarfin gida ɗaya. Hasali ma, tafiyarsa ta ƙarshe Jamaika ya nufa, ba Habasha ba.

Wurin da aka zaɓa don bikin shi ma yana da nasa labari. A zamanin Mengistu Haile Mariam an canja wa Dandalin Meskel suna zuwa Dandalin Juyin Juya Hali, kuma a nan ne a 1977 ya tsaya gaban jama'a ya farfasa kwalabe cike da jan ruwa, ya buɗe ƙofar kashe-kashen da suka laƙume rayuka masu ɗimbin yawa. Sai ga shi a wannan fili 'ya'yan Marley suna rera waƙoƙin mutumin da ya ɗaukaka sarkin da Derg ta tumɓuke. Gwamnatin Meles Zenawi, wadda ta ƙi yi wa sarkin jana'izar ƙasa a 2000, ta buɗe wa baƙin ƙofa. Habashawa da yawa kuwa sun zo ne don kiɗan da kuma karramawar da aka yi wa ƙasarsu, ba don sun yarda da aƙidar Rasta ba.

A shekarar da ta biyo baya aka kai bikin Gana. 'Yan Rasta na Shashamane, waɗanda da yawansu suka daɗe zaune ba su da takardun zama 'yan ƙasa, sai a 2017 gwamnatin Habasha ta bada sanarwar za ta ba su katin shaida.

Cedella Booker ta rasu a Miami a 2008, shekara uku bayan tafiyar Adis Ababa. Aka ɗauki gawarta zuwa Jamaika, aka binne ta a Nine Mile, kusa da ɗanta.