Kumasi a hannun masassaƙan Landan

Mai tasowa daga Aboabo zuwa fadar Manhyia ba zai gaji da tafiya ba, amma wasu kayan zinariyar da ke gidan tarihin fadar sun yi har shekara 150 a Ingila kafin a kawo guda 32 a 2024, su ɗin ma a matsayin aro. Zinariyar ta tafi a akwati. Labarin yadda aka kwashe ta kuwa, a kan katako aka sassaƙa shi.

Da Janar Garnet Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairun 1874, akwai mai zane Melton Prior na jaridar Illustrated London News a cikin ayarinsa. Prior zai ja fensir a gurguje, jirgin ruwa ya yi makonni da takardar, sannan wasu a Landan su sake zana ta a kan katako mai tauri. A tsaga katakon gunduwa-gunduwa, kowane masassaƙi ya ɗauki rabonsa, a haɗa da ƙusoshi, a shafa tawada, a buga dubbai. Mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Asante ba su ne suka fitar da fuskar Asante. Shi ya sa a hotunan hafsan Bature ke tsaye ƙyam a tsakiya, sauran jama'a kuwa cincirindo ne a gefe.

Bahaushe fa? Ga shi can da bindiga da jar dara. Sojan Kyaftin John Glover ne, wanda aka ɗebo daga Legas. Yaƙin ba nasa ba ne, sunansa kuma ba ya ƙarƙashin hoton.

Sai dai akwai bugun da ya girmi wannan. Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817, zamanin Sarki Osei Bonsu, kuma littafinsa na 1819 yana ɗauke da dogon zane mai launi na bikin doya: manyan laimomi, makaɗa, sarki bisa kujerarsa, ga Musulmi da rawunansu a cikin taron. A lokacin Bature baƙo ne mai neman yarjejeniya, don haka alƙalaminsa ya yi ladabi. Da ƙarfi ya koma hannunsa, zanen ma ya sauya.

Malaman makarantun Zango, ku ɗora hotunan nan biyu, na Prior da na Bowdich, a gaban yara, ku tambaye su wa ya zana, kuma wa ya biya shi.