Alamar Sigma a Lissafi

Alamar sigma (Σ) hanya ce ta taƙaita rubutun tara lambobi masu yawa waɗanda ke bin tsari ɗaya. Maimakon a rubuta 1 + 2 + 3 har zuwa 100, sai a rubuta Σᵢ₌₁¹⁰⁰ i, ma'anar kuwa ɗaya ce. Σ shi ne babban baƙin sigma, harafi na 18 a jerin haruffan Girkanci, kuma sautinsa daidai yake da na "s". An zaɓe shi ne saboda kalmar Latin mai nufin jimilla, wato summa, da wannan sautin take farawa. Ana amfani da alamar a aljabara da ƙididdiga da kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki da aikin injiniya.

Yadda ake karanta ta

Rubutun sigma yana da sassa huɗu. Akwai harafin ƙirga, wanda galibi i ne ko k ko n. Akwai iyakar ƙasa, wato lambar da ƙirga ke farawa da ita, ana rubuta ta a ƙarƙashin Σ. Akwai iyakar sama, inda ƙirga ke tsayawa, ana rubuta ta a bisa alamar. Sannan akwai ƙa'idar da ke hannun dama, wadda ke faɗin abin da za a tara a kowane mataki.

A ɗauki Σᵢ₌₁⁵ i². Ana karanta shi da cewa "jimillar i sau i, daga i daidai da 1 zuwa 5". Za a sa 1 a madadin i, a sa 2, a ci gaba har 5, sannan a tara abin da ya fito: 1 + 4 + 9 + 16 + 25 = 55. Harafin ƙirga yana hawa ne ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake lamba, kuma iyakokin biyu duk suna cikin lissafin.

Ba dole ba ne a fara daga 1. Σₖ₌₃⁶ (2k + 1) yana ba da 7 + 9 + 11 + 13 = 40. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe wajen ƙirga gaɓoɓi: daga 3 zuwa 6 gaɓoɓi huɗu ne, ba uku ba. Ƙa'idar ita ce a ɗebe iyakar ƙasa daga iyakar sama sannan a ƙara 1.

Harafin ƙirga ba shi da wata daraja ta kansa. Σᵢ₌₁⁵ i² da Σₖ₌₁⁵ k² abu ɗaya ne, domin da zarar an gama tarawa harafin ya ɓace, 55 kawai ya rage. Idan kuma iyakar sama ta gaza ta ƙasa, babu abin tarawa ke nan, kuma masana sun daidaita a kan cewa irin wannan jimillar sifili ce.

Tarihi

Tara jerin lambobi ya girmi alamar da ƙarnoni masu yawa. Aryabhata na Indiya ya kawo ƙa'idojin tara lambobin da aka ninka da kansu sau biyu da sau uku a littafinsa na shekarar 499. Al-Karaji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya kafa hujjar cewa 1³ + 2³ + 3³ har zuwa 10³ daidai yake da a tara 1 zuwa 10 sannan a ninka jimillar da kanta. Ibn al-Haisam ya kai lissafin zuwa ninki huɗu lokacin da yake neman girman cikin wata siffa mai lanƙwasa. Dukansu da jimloli da zane suka bayyana aikinsu, abin da yau ake rubutawa a layi ɗaya yakan ci musu sakin layi guda.

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan (1707–1783), shi ne ya fara amfani da Σ da ma'anar jimilla a littafinsa Institutiones calculi differentialis na shekarar 1755. Alamar ba ta yaɗu nan take ba. Sai a ƙarni na 19, bayan da masana irin su Joseph Fourier na Faransa suka yi ta amfani da ita, ta zama ruwan dare tare da iyakokinta na sama da ƙasa. Tana da 'yar'uwa da ta riga ta haihuwa: alamar ∫ da Gottfried Leibniz ya ƙirƙiro a 1675, wadda ita ma doguwar "s" ce ta kalmar summa. A wasu littattafan makarantu na ƙasashen Larabawa ana rubuta مجـ a madadin Σ, wato farkon kalmar majmu'u.

Ƙa'idojin aiki

Sigma tarawa ce kawai, don haka duk abin da ya halatta a tarawa ya halatta a cikinta. Idan kowace gaɓa an ninka ta da lamba ɗaya da ba ta canzawa, ana iya fitar da lambar waje: Σ 3i daidai yake da 3 sau Σ i. Idan ƙa'idar ta ƙunshi abubuwa biyu da aka tara, ana iya raba su gida biyu, a tara kowanne daban. Idan kuma ƙa'idar lamba ce tsayayya wadda babu harafin ƙirga a cikinta, sai a ninka ta da yawan gaɓoɓi: Σᵢ₌₁²⁰ 2 = 40, ba 2 ba.

Ninkawa ba ta bin wannan sauƙin, kuma nan ne kuskure mafi yawa yake. Idan x yana da darajoji 1 da 2, y kuma 3 da 4, to Σxy = 3 + 8 = 11, amma Σx sau Σy = 3 × 7 = 21. Haka nan Σx² daban yake da (Σx)². Ga lambobi 1, 2, 3, na farko 14 ne, na biyu 36. Wurin da baka ta zauna shi ke faɗin wanne za a fara yi, ninkawa ko tarawa.

Sanannun jimilloli

Amfanin alamar ya fi fitowa idan akwai gajeriyar ƙa'ida da ke ba da amsa ba tare da an tara ɗaya bayan ɗaya ba. Mafi shahara ita ce Σᵢ₌₁ⁿ i = n(n + 1)/2. Ana yawan danganta ta da labarin Carl Friedrich Gauss na Jamus (1777–1855), wanda aka ce yana yaro malaminsu ya sa ajin su tara 1 zuwa 100, shi kuwa ya kawo 5050 nan take. Labarin ya sha gyare-gyare a bakin masu ba da shi, ƙa'idar ma an san ta tun kafin Gauss, amma dabarar ingantacciya ce: 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma 101, haka har ƙafa hamsin, 50 × 101 kuwa 5050 ne.

Da wannan ƙa'idar, wanda ya jefa naira 100 a asusu ranar farko, 200 rana ta biyu, yana ƙara ɗari kullum har kwana 30, zai tara 100 × (30 × 31)/2, wato naira 46,500. Haka kuma Σᵢ₌₁²⁰ (3i + 2) yana rabuwa zuwa 3 × 210 da 40, jimilla 670.

Sauran da ake yawan buƙata su ne Σᵢ₌₁ⁿ i² = n(n + 1)(2n + 1)/6, da Σᵢ₌₁ⁿ i³ = [n(n + 1)/2]², wadda ita ce sakamakon Al-Karaji. Ana iya gwada ta da n = 4: 1 + 8 + 27 + 64 = 100, wato 10 × 10.

Akwai kuma jerin da kowace gaɓa ke ninka ta bayanta. Tsohon labarin da Ibn Khallikan ya rubuta a ƙarni na 13 ya ba da misalinsa: ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon wasan ces, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har gida na 64. A rubutun sigma wannan shi ne Σₖ₌₀⁶³ 2ᵏ, ƙirga ta fara daga sifili domin 2⁰ = 1. Amsar ita ce 2⁶⁴ − 1, wato 18,446,744,073,709,551,615.

A ƙididdiga

Yawancin ɗaliban sakandare a Najeriya da Gana suna fara gamuwa da Σ ne a darasin ƙididdiga, cikin ƙa'idar matsakaici Σfx/Σf da ke fitowa a jarrabawar WAEC. A nan ba a cika rubuta iyakoki ba, domin an fahimci cewa dukan layukan jadawalin za a tara. Idan ɗalibai 2 sun ci maki 4, ɗalibai 5 sun ci 6, ɗalibai 3 sun ci 9, to Σfx = 8 + 30 + 27 = 65, Σf = 10, matsakaicin maki 6.5 ke nan. Kada a rikita babban Σ da ƙaramin σ: harafi ɗaya ne, amma a ƙididdiga ƙaramin yana nuna gwargwadon yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaicinsu. Manhajar Excel ma Σ ta sa a kan maɓallin da ke tara lambobin layi.

Jimilla marar iyaka

Idan aka sa ∞ a matsayin iyakar sama, tarawar ba ta ƙarewa, sai tambayar ta koma: ina jimillar ta dosa? 1/2 + 1/4 + 1/8 + … tana matsawa kusa da 1 ba tare da ta wuce shi ba, don haka ana cewa Σₙ₌₁^∞ 1/2ⁿ = 1.

Ƙanƙancewar gaɓoɓi kaɗai ba ta isa ba. Jerin 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + … gaɓoɓinsa raguwa suke yi, duk da haka jimillarsa ba ta da iyaka. Nicole Oresme na Faransa ya nuna haka a ƙarni na 14 da hujja mai sauƙi: 1/3 + 1/4 ya fi rabi, 1/5 zuwa 1/8 ma sun fi rabi, 1/9 zuwa 1/16 haka, kuma irin waɗannan rukunoni ba sa ƙarewa. Sai dai hawan na tafiyar hawainiya ne, sai an tara gaɓoɓi 12,367 kafin jimillar ta haura 10.

Idan kuwa aka ninka lambobin ƙasa da kansu, wato 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 + …, jimillar tana tsayawa. Neman ainihin darajarta ya gagari masana shekaru da dama, har Euler ya gano a wajen 1735 cewa π²/6 ce, kimanin 1.645. Ana kiran wannan matsalar Basel, da sunan garin da aka haife shi.

Ga ninka jerin lambobi maimakon tara su, ana amfani da babban baƙin Girkanci Π bisa tsari iri ɗaya: Πᵢ₌₁⁴ i = 1 × 2 × 3 × 4 = 24.