In ƙafa ta daina jin ƙaya

Ƴan'uwa manoma, a jikinmu akwai jijiyoyi masu kai labari daga hannu da ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Su ke sa mu ji zafi, mu ji sanyi. In sun lalace, mutum yakan ji rauni bai sani ba.

Ga alamomin:

1. Tafin ƙafa ko yatsu su mutu, ko a ji kamar kiyashi na yawo a ciki.
2. Raɗaɗi kamar na barkono, musamman da dare.
3. Hannu ya rasa ƙarfi, hauya ta riƙa suɓucewa. Takalmi ya fita daga ƙafa, mai shi bai ji ba.
4. Tabo mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓi.

Ciwon sukari da kuturta da yawan shan giya suna cikin abubuwan da ke kawo wannan.

Haɗarin babba ne. Ƙaya takan soki manomi, tukunya takan ƙone uwargida, ba su ji ba. Raunin ya zama gyambo, har a rasa yatsa.

Ku gwada a gida: mutum ya rufe ido, wani ya taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, a tafi likita. Kada a tsaya yin tsaga ko gashi da wuta.

Kuturta tana warkewa. Maganinta kyauta ne, ana shan shi wata 6 ko wata 12. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai asibitin da ya ƙware a kanta. Amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa da wuya ta dawo, don haka a yi hanzari.

Ku sa takalmi in za ku gona. Kowane maraice ku wanke ƙafa, ku duba ta da kyau.