Kashi 10 Da Ke Komawa Kashi 100

Makon jiya, a wani kemis a Jahun, na tarar da wani dattijo yana cinikin maganin hawan jini kamar mai sayen goro. Na wata guda likita ya rubuta masa, shi kuwa ya ce a ƙirga masa ƙwaya goma. Na ce, "Baba, sauran fa?" Ya ce zai riƙa shan ɗaya yau, ya tsallake gobe. Katin inshorar lafiya na aljihunsa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

A ƙa'idar inshorar ma'aikata ta ƙasa, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani mai kati ke biya. A Amurka, tsoho mai inshorar magani ta Medicare kan fara biyan har dala 590 daga aljihunsa a 2025 kafin inshora ta sa hannu. Namu ya fi sauƙi, in har maganin yana kan kantar asibiti. Nan gizo ke saƙar.

An saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a Yunin 2023. A watan Agusta kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa daga Najeriya, takwaransa Sanofi ya biyo baya a Nuwamba. Magani ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin da inshora ke bai wa asibiti kan kowane mai kati kuwa ƙayyadadde ne, sai a 2024 aka ƙara shi. Asibitin da zai sayo da tsada a biya shi da tsohon farashi, me zai yi? Sai a ce wa tsoho, "Babu, je ka saya a waje." A waje kuwa babu zancen kashi 10. Mai zazzaɓi sau ɗaya zai ji wannan zafin. Mai hawan jini ko ciwon suga, duk wata har ƙarshen rayuwa.

Masu kare tsarin na cewa dokar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni, kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha, JICHMA, na yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a Jigawa. Gaskiya ne, an kuma gode. Amma rajista daban, ƙwaya a hannu daban.

Hawan jini ba ya ihu. Tsoho ya tsallake ƙwaya ya ji garau, sai ya ɗauka dabararsa ta yi. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, 'ya'ya za su sayar da tumaki, su ɗauki shatar mota zuwa Dutse, su kashe a mako guda abin da zai sayi maganin shekara.