Rauni Ya Warke, Zogi Bai Tafi Ba

Mace ce aka cire wa mama saboda sankara, ɗinki ya kame, an sallame ta, 'yan dubiya sun watse. Wata shida ke nan, amma har yau hammatarta na ci kamar an zuba barkono, ko gogar riga ba ta iya jurewa. In ta yi ƙorafi sai a ce mata ta gode Allah, ai an rabu da cuta. Wasu kuma su koma gefe suna cewa dama an faɗa, daji ba ya son ƙarfe.

Wannan zogi sananne ne a wurin likitoci. Duk ciwon da ya zarce wata 3 bayan tiyata suna ɗaukarsa a matsayin lalura mai zaman kanta, kuma bincike ya nuna cewa cikin mata 10 da aka yi wa aikin mama, 2 zuwa 5 na fama da shi. Asalinsa jijiya ce. Idan likita zai kwashe kaluluwar hammata, akwai wata jijiya mai kai ji ga fatar damtse da ke ratsa wurin. Takan yanke ko ta miƙe. Jijiyar da ta ji rauni kuwa sai ta dinga aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ciwo ko da babu abin da ya taɓa jiki. Shi ya sa masu shi ke cewa suna jin ƙuna, ko tsira kamar ta allura, ko fisga irin ta lantarki, alhali fatar wurin ta mutu. Haka abin yake ga wanda aka buɗe wa ƙirji ta tsakanin haƙarƙari, da wanda aka yanke wa ƙafa yana jin yatsun da babu su suna zogi. Ba iska ba ce, ba kuma jifa ba.

Inda ake yin ɓarna shi ne kemis. Farasitamol bai cika taɓa ciwon jijiya ba, sai mutum ya koma kan diclofenac kullum, ya illata ciki da ƙoda, ko ya faɗa wa tramadol, wanda mun ga yadda ya yi da matasanmu. Alhali akwai magungunan da aka sani suna kwantar da jijiya, irin su amitriptyline da gabapentin. Likita ne ke rubuta su, yana farawa da kaɗan, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, don haka kada a watsar a kwana uku. Sashen gashi na manyan asibitoci, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, yana koyar da motsa kafaɗa don kada ta sandare. Hannun da ya kumbura a ɓangaren aikin kuwa, a nisanta shi daga tsaga da ƙaho da sakiya, domin ƙwayar cuta na saurin kama shi.

Kawaici a gaban likita ba ya amfani a nan. A faɗa masa inda ke ciwo, da irin ciwon, da ko yana hana barci. Yawanci zogin ba ya nufin dajin ya dawo. Amma idan sabon ciwo ne ya ɓullo a baya ko ƙashi yana tsananta da dare, ko aka ji ƙullutu kusa da tabo, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ana rama ba dalili, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, a koma asibiti cikin makon.