Gyaran Katakon Tsofaffin Gine-ginen Gona a Tsaunin Jos ta Hanyar Haɗin Gargajiya

Gabatarwa

A ƙauyukan da ke kewaye da Jos, kamar Vom, Kuru, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu, akwai tsofaffin gine-ginen gona masu yawa da har yanzu ake mora. Daga cikinsu akwai siton hatsi, ɗakin ajiyar irin dankalin Turawa, rumbunan acca, ɗakin kaji da rumfar shanu. Idan rufin irin waɗannan gine-gine ya fara lotsawa, manomi kan ɗauki ɗayan matakai biyu: ko dai ya rushe ya sake sabo da kuɗi masu yawa, ko kuma ya yi ta buga ƙusa a kan ruɓaɓɓen katako har ranar da iskar farkon damina za ta yaye rufin, amfanin gona ya jiƙe.

Akwai hanya ta uku. Sau da yawa katako ba ya lalacewa gaba ɗaya. Ɓarnar takan tsaya a ƙafar ginshiƙi, ko a kan azara inda ta shiga bango, ko a mahaɗar katako biyu. Idan aka toshe hanyar ruwa, aka yanke wurin da ya ruɓe, aka haɗa sabon guntu da haɗin da ya dace, ginin zai ci gaba da aiki shekaru masu yawa. Wannan bayani zai nuna wa manoma da malaman gona yadda ake yin haka.

Abin da ke lalata katako a Tsaunin Jos

Tsaunin Jos yana da tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne mai tsananin bushewa. Wannan yanayi yana haifar da matsaloli huɗu:

1. Ruɓewa. Naman gwarin da ke ruɓar da katako ba ya rayuwa sai danshin katakon ya wuce kashi 20 cikin 100. Busasshen katako da ke shan iska ba ya ruɓewa.
2. Gara. Tana tasowa daga ƙasa, ta bi ta cikin bango ko ginshiƙi, ta cinye cikin katako ta bar ɓawo.
3. Kumbura da motsewa. Katako yana kumbura da damina, ya motse da hunturu, kuma ta faɗinsa yake yin haka, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Wannan ne ke sassauta ƙusa a hankali.
4. Iska. Guguwar farkon damina tana ɗaga rufi sama, don haka duk mahaɗar da ta yi sako-sako ita ke fara ɓallewa.

Ita kanta ƙusar ƙarfe tana tsatsa a cikin jiƙaƙƙen katako, musamman na itacen turare. Alamar hakan ita ce baƙin tabo a kewayen ƙusar. Haɗin gargajiya kuwa katako ne ke zama a kan katako, nauyi ya bi ta jikin itacen, ƙusa ko fegi aikinsu kawai hana zamewa.

Binciken gini kafin gyara

Kada a sayi katako ko guda ɗaya sai an gama bincike. A sami sukundireba ko tsinken ƙarfe mai kaifi da ƙaramar guduma, a bi kowane katako ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen katako yana ba da amo mai ƙarfi idan aka ƙwanƙwasa shi, wanda gara ta ci kuwa yana amo kamar ganga. Idan tsinke ya shige cikin sauƙi fiye da santimita 1, akwai ɓarna. A yi alama da alli a inda ɓarnar ta ƙare.

A fi mai da hankali a kan waɗannan wurare: ƙafar ginshiƙi, kan azara ko katako da ke cikin bangon ƙasa, ƙarshen rafta a bakin rufi, ƙarƙashin duk inda kwano ko jinka ke yoyo, da kuma gefen indararo. Bayan haka a nemo inda ruwan ke fitowa. Gyaran da aka yi ba tare da an toshe yoyo ba asarar kuɗi ne, domin sabon katakon ma zai bi sahun tsohon.

Zaɓen itace da busar da shi

Ƙa'ida ta farko ita ce a haɗa itace da irinsa, ko da wanda ya yi kusa da shi a nauyi da ƙarfi, domin su riƙa kumbura da motsewa tare. Ƙirya, marke da maɗaci suna da ƙarfi da jure wa gara, kuma sun dace da ƙafar ginshiƙi da fegi. Maje da rimi ba su da ƙarko, kada a sa su inda nauyi ko danshi yake. Madobiya itace ne mai kyau, amma saboda yawan sararta an sanya ta cikin jerin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, don haka a bar ta ta farfaɗo.

Itacen da ya fi samuwa a saman tsaunin shi ne turare. An dasa shi da yawa a tsakiyar ƙarni na 20 domin farfaɗo da filayen da haƙar kuza ta lalata, kuma yau shi ne ke riƙe da rufin yawancin gine-ginen gona. Yana da ƙarfi, amma yana tsagewa daga baki idan ya bushe da gaggawa ko aka buga masa ƙusa ba tare da an fara huda shi ba. A kowane irin itace, zuciyarsa mai duhu ce ke da ƙarko. Farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo shi ƙwari da gara suke fara ci, don haka a sassaƙe shi ko a sa masa magani.

A sare itace ko a saye shi a farkon rani, a ɓare shi, a jera a inuwa a kan duwatsu, da ƙananan sanduna tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa. A shafa fenti a bakunan biyu don rage tsagewa. Hanya mai sauƙi ta gane bushewa ita ce a auna guntu ɗaya a sikeli kowane mako. Idan nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe. Mai saye a Kasuwar Katako ta Jos ko wata kasuwa ya guji ɗanyen falanki, domin haɗin da aka yi da shi zai buɗe da zarar hunturu ya kama. Tsohon katako mai lafiya daga rusasshen gini ya fi sabo, domin ya riga ya gama motsewa.

Ire-iren haɗi da inda kowanne ya dace

Haɗin jirge. Wannan shi ne na ƙara tsawo ko musanya ruɓaɓɓen baki. Ana yanka tsohon katako da sabon a jirge, a bar ɗan gaɓa a ƙarshen kowanne domin su tokari juna. Tsawon yankan kada ya gaza ninki 3 zuwa 4 na kaurin katakon. Katako mai kaurin santimita 10 yana bukatar yanka na santimita 30 zuwa 40. A ɗaure da fegi biyu ko uku, ko da kusoshi masu noti waɗanda ba sa tsatsa. Idan katakon na kwance ne, mahaɗar ta faɗo a kan ginshiƙi ko kusa da shi ƙwarai.

Haɗin rabi da rabi. Ana cire rabin kaurin kowane katako, a kwantar da su a kan juna su yi daidai. Ya dace da kusurwar katakon da ke kwance a kan bango, da inda sanduna biyu suka gitta. Yana da sauƙin yi da zarto da kurfi. Sai dai ya kamata a sani cewa an rage ƙarfin katakon a wannan wuri, don haka kada a yi shi a tsakiyar ɗaki inda babu abin da ya tokare shi daga ƙasa.

Haɗin rami da harshe. Ana sassaƙa harshe a kan ginshiƙi, a haƙa rami daidai da shi a jikin katakon da zai hau kai. Kaurin harshen ya zama sulusin kaurin katakon. Dabarar da ke sa wannan haɗi ya yi ƙarko tana wurin hudar fegi. A fara huda katakon mai rami, sannan a huda harshen da gocewar milimita 2 zuwa 3 wajen kafaɗarsa. Idan aka buga fegi mai tsinin baki, sai ya jawo katakon biyu su manne da juna gam, ba tare da gam ɗin kafinta ba.

Gurbin zaman rafta. Ana yanke ƙaramin gurbi a ƙarƙashin rafta domin ta zauna daram a kan katakon bango. Zurfinsa kada ya wuce sulusin faɗin raftar. Raftar da aka ɗora da ƙusa kawai takan zame ta tura bango waje.

Fegi kuma a yi shi da busasshiyar ƙirya ko marke, mai kaurin milimita 16 zuwa 20. A faskare shi bisa tsarin jijiyar itacen sannan a sassaƙa, domin wanda aka yanka da zarto yana saurin karyewa.

Azara, gwafa da ɗauri

Gine-ginen ƙasa masu rufin soro da azara ake yi musu, wato faskaren giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta karɓar rami da harshe saboda jijiyoyinta, kuma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Magina suna ƙara faɗin ɗaki ne ta hanyar jera gajerun azara masu leƙowa daga bango, kowane layi ya zarce na ƙasansa, ko kuma su ɗaure su da igiya su yi bakan gizo. Wanda ke son ganin wannan aiki ya ziyarci gidan adana gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatankwacin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19. Azarar da kanta ya ruɓe a zare ta a sa wata, ko a kwantar da sabuwa a gefenta a ɗaure.

A rumbu da rumfa kuwa, dirka mai gwafa ita ce haɗin da ya fi kowanne ƙarfi, domin itacen ne ya tsiro da ita haka. A sabunta igiyar tsaiko da tanka duk lokacin da za a sake jinka.

Matakan gyara ƙafar ginshiƙi

1. A kwashe amfanin gona da dabbobi daga cikin ginin.
2. A tokare katakon sama da sanduna biyu masu ƙarfi, ɗaya a kowane gefe, a kan falanki mai faɗi, a matse da weji har nauyi ya bar ginshiƙin.
3. A yanke ruɓaɓɓen wuri, a ƙara aƙalla santimita 15 cikin lafiyayyen katako.
4. A haƙe ƙasar da ke ƙarƙashi, a lalata hanyar gara, a kafa dutse mai faɗi wanda zai ɗago santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa. Dutse ba ya wuya a Tsaunin Jos.
5. A sassaƙa sabon guntu, a gwada shi har ya zauna ba tare da rata ba, a shafa magani a fuskokin yankan, sannan a buga fegi.
6. A kafa gajeren rodi a cikin dutsen ya shiga ƙafar ginshiƙin don hana zamewa.
7. A sassauta weji a hankali, a bar sandunan tokara kwana ɗaya ana lura.

Wannan dabara ta sauya ƙafar ginshiƙi ita ce kafintocin Japan suke amfani da ita, kuma tana cikin dalilan da suka sa gine-ginen katako na Horyu-ji suka haura shekara 1,300 a tsaye.

Kariya bayan gyara

Haɗin gargajiya yana ɗaukar nauyin da ke dannawa ƙasa, amma bai isa ya hana iska ɗaga rufin kwano ba. Saboda haka a ɗaure kowace rafta da katakon bango da langa-langa, shi kuma katakon bangon a ɗaure shi da jikin ginin. Bakin rufi ya leƙo aƙalla santimita 60 domin kare bango daga feshi, kuma a yi magudana a kewaye.

Maganin da ke ɗauke da sinadarin boron ya dace da katakon da ke ƙarƙashin rufi, amma ruwan sama yana wanke shi a waje. Baƙin mai da kwalta kada su taɓa katakon da hatsi, dankali ko abincin dabbobi za su jingina da shi. Aldrin da Dieldrin, waɗanda aka yi amfani da su a da wajen kashe gara, suna cikin magungunan da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta. Kada a saye su ko da an gan su a kasuwa.

Inda gyara ba zai wadatar ba

Idan ɓarna ta kai tsakiyar katakon da ke ɗauke da rufi, ko ta cinye fiye da sulusin tsawonsa, a sauya shi gaba ɗaya. Idan bango ya karkata ko ya tsage daga sama har ƙasa, a fara kiran magini, domin matsalar ta wuce ta kafinta. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin rufin soro da ya lotsa sai an tokare shi.

Kammalawa

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da katako ya bushe kuma aikin gona ya yi sauƙi. Ana shawartar malaman gona su sanya binciken gine-gine cikin ziyararsu ta bayan girbi, su kuma haɗa tsofaffin kafintoci da masassaƙa da matasan ƙauye a yi gyaran gwaji a sito guda, kowa ya gani da idonsa. Don ƙarin bayani kan itatuwa da busar da katako, a tuntuɓi Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos ko ofishin malamin gona mafi kusa. Manomi kuma ya riƙa zagaya gininsa da tsinke da guduma sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, domin rigakafi ya fi magani.