Amurka: in takardar lampon ɗan kwangila ta makara

A ƙasar Amurka, ranar 31 ga watan Janairu rana ce da masu ƙananan kamfanoni ba su wasa da ita. Mai gareji, mai gidan abinci, mai kantin tufafi, duk wanda ya sa wani aiki ba tare da ya ɗauke shi ma'aikaci na albashi ba, wajibi ne kafin wannan rana ta wuce ya shaida wa hukumar lampo ta ƙasa, wadda ake kira IRS, yawan kuɗin da ya biya mutumin a shekarar da ta gabata. Takardar da ake cikawa sunanta 1099-NEC. Ɗaya ta tafi wurin hukuma, ɗaya wurin ɗan kwangilar, ko magini ne, ko mai gyaran lantarki, ko mai tsara lissafi.

Dalilin wannan doka a fili yake. Ma'aikaci na albashi ana cire masa lampo tun kafin kuɗi su shiga hannunsa. Ɗan kwangila kuwa cif yake karɓar nasa, don haka hukuma take son shaida daga bakin wanda ya biya. Tun 1954 iyakar ita ce dala 600 a shekara, sai dokar da aka sa wa hannu ran 4 ga Yuli 2025, ta ɗaga ta zuwa dala 2000 ga kuɗin da aka biya daga farkon 2026. A kula, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

To, in ranar ta wuce fa? Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure na biyu, wanda ya fi na fari muni: sai su ce tun da an riga an makara, gara a yi shiru. Alhali kuwa tarar hawa-hawa take. Ga takardun da lokacinsu ya yi a 2026, wanda ya kai tasa cikin kwana 30 bayan wa'adi za a ci shi dala 60 kowace takarda. In ya kai ta kafin 1 ga Agusta ta wuce, dala 130. Bayan nan, dala 340. In kuma hukuma ta tabbata da gangan ya ƙi, mafi ƙanƙanta dala 680 ce, kuma ba ta da iyaka ta sama. Sa'an nan laifin biyu ne: rashin kai wa hukuma daban, rashin bai wa ɗan kwangila tasa daban, kowanne da tararsa. Mai gareji da ya sa mutum biyar aiki, in ya farga cikin Fabrairu, abin da hukuma za ta nema bisa takardunta dala 300 ne. In ya bari har Satumba, ya zama 1700.

Saboda haka abin yi shi ne a cika a aika nan take. Tun 2023 hukumar ta buɗe wata hanya ta intanet mai suna IRIS, kyauta, kuma tun 2024 duk mai takardun shaida goma ko fiye dole ta na'ura zai aika, ba ta gidan waya ba. Neman ƙarin lokaci ba ya da sauƙi ga wannan takarda: sai da uzuri mai nauyi, kamar gobara, ko mutuwa, ko ciwo mai tsanani, kuma kafin wa'adi ake neman sa.

Hukumar ba ta yanke tara sai ta aiko da wasiƙar gargaɗi mai lamba 972CG, ta bai wa mutum kwana 45 ya kawo hujja. Tana yafewa in ya nuna abin ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi hanzarin gyarawa da ya gane. Mantuwa kawai ba ta cika tsamo mutum ba.

A ganinmu, yawancin wannan makara ba cikin Janairu take farawa ba. Tana farawa ne ranar da aka biya ɗan kwangila ba a karɓi takardarsa ta W-9 ba, wadda ke ɗauke da sunansa, da adireshinsa, da lambarsa ta lampo. Wanda yake jiran kuɗinsa da gudu yake kawo ta. Wanda ya riga ya sa su aljihu wata takwas da suka wuce, sai a yi ta neman sa. Doka ma ta bai wa mai kamfani makami: in ɗan kwangila bai ba da lambarsa ba, sai a riƙe kashi 24 cikin ɗari na kuɗinsa a miƙa wa hukuma.

Shi ma ɗan kwangila kada ya ɗauka makarar takarda ta sauke masa nauyi. Ko ta zo ko ba ta zo ba, dole ya bayyana duk abin da ya samu a lissafinsa na shekara, wanda wa'adinsa 15 ga Afrilu ne.